Motar da Muka Cire wa Kujeru

Ni aka ɗora wa aikin takardun motar, don ni kaɗai ne malamin lekol a cikin ƙungiyar. Duk abin da ya shafi biro, wato ofis, ko Faransanci, ko tsayawa gaban ma'aikaci, sai a ce a ba Mushe. Haka ake kiran malaman makaranta a wajenmu, kuma ko da na ajiye alli sunan bai rabu da ni ba.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. 'Yan ƙauye ɗaya ne na ƙasar Zermu da neman abinci ya kawo mu Zinder: masu tebur a kasuwa, teloli, mahauta, wani mai gadi, sai ni. Mukan haɗu ranar Juma'a bayan la'asar a zauren shugabanmu da ke Birni, wani dattijo mai sayar da fatu wanda kowa ke kira Baba, har waɗanda suka kusa sa'arsa.

Abin da ya sa muka sayi mota ba ɓoyayye ba ne. Wata damina naƙuda ta tsananta wa matar ƙanena a ƙauye, aka ɗora ta a amalanken shanu zuwa bakin hanya, suka wuni suna ɗaga wa motoci hannu. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ba a daɗe ba wani tsoho namu ya rasu a babban asibitin Zinder, direbobin tasha suka ƙi ɗaukar gawa tare da fasinja, dole aka binne shi a nan, matansa ba su ko gan shi ba. Daga nan Baba ya ce ya isa haka. Muka yi ta karo-karo har muka samu wata ƙaramar bas fara, tsohuwa, irin ta haya, da aka hau da ita daga Kotonu. Mai ita ya miƙo mana ita da takardunta duka, har da asuransi, wato inshora, wadda saura 'yan watanni ta ƙare.

Muka kai ta wajen wani mai walda a Kara-Kara. Da farko abu ɗaya muka ce ya yi, ya cire kujerun baya don a samu wurin kwantar da mutum. Amma tun da motar ta shiga garejinsa, kullum sai wani daga cikinmu ya biya ta can da tasa shawarar. Aka cire kujeru, aka kafa dogon benci a gefe guda. Aka yi gadon ƙarfe mai ƙafafun roba wanda ake turawa ciki a jawo waje. Wani tela ya ce a sa ƙugiya a rufi don rataya ledar ƙarin ruwa. Mai gadi ya ce a ɗaura ƙaramin tanki, don wanda ya san Zinder ya san ba a tafiya ba ruwa. Direban da muka ɗauka, mutumin Tirmini ne mai yawan magana, ya ce in ba a ƙara wa ƙafafun baya ƙarfe ba, yashin hanyarmu zai cinye ta, ya kuma sa aka yi mata kariyar ɗora kaya a sama. Daga ƙarshe Baba da kansa ya dawo daga Kano da jiniya da wata fitila shuɗiya mai juyawa. Ranar da aka gwada jiniyar duk unguwar ta fito, shi kuwa yana tsaye da sandarsa yana murmushi kamar an yi masa jika.

Motar ta yi 'yan watanni tana aiki lafiya. Da asuransi ta kusa ƙarewa, na ce wa direba ya kai ni biron kamfanin mu sabunta. A raina aikin rabin safiya ne.

Wata matashiya mai tabarau na tarar a teburin farko. Ta gaishe ni da ladabi, ta karɓi takardu, ta fara danna na'ura. Can ta ɗaga kai ta leƙa ta taga, inda direba ya faka motar daidai ƙofa, fitilar Baba tana ƙyalli a rana.

“Malam, waccan ce motar?”

Na ce ita ce, har da ɗan alfahari.

“Takardar nan ta ce mota ce mai wurin mutum goma sha biyar.”

“Da haka take.”

“Yanzu fa?”

“Yanzu akwai direba, da mutum biyu a gefensa, sai benci.”

“Bencin na mutum nawa ne?”

“Ya danganta da mutanen.”

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta tambaye ni me da me aka canza, ni kuwa na jero mata su ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko ƙugiya ba, ina tsammanin za ta yaba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ba za ta iya sabunta mini komai ba. Dole sai an sanar da kamfanin duk canjin da aka yi, a rubuce. In ba haka ba, ranar da Allah ya kawo hatsari, kamfani zai ce motar da ya sani daban, wadda ta yi hatsarin daban, kuma ba wanda zai samu komai, har wanda aka buge a hanya.

Wannan na gane shi. Daga nan ne ganewar ta fara kuɓuce mini.

“Wane aiki motar take yi?”

“Marasa lafiya take ɗaukowa daga ƙauye.”

“To, ambilans ce ke nan.”

“Tana kuma mayar da gawa, idan ta kama.”

“Biya ake yi?”

“A'a. Mai hali dai yakan zuba mai.”

“To, haya ce.”

“Ba haya ba ce, 'yata. Wanda ba shi da shi ma ana ɗaukar sa.”

“Kaya fa?”

Na ce wani lokaci, in za ta dawo ba kowa a ciki, akan jefa buhu ɗaya ko biyu.

Ta juyo mini da takarda ta nuna mini gidaje huɗu: motar gida, motar fasinja, motar kaya, motar asibiti. Ta ce in zaɓi ɗaya. Na dubi gidajen nan na daɗe. Kowanne na ɗora alƙalami a kai sai in tuna wani abu da motar ke yi wanda ba ya cikinsa.

Na ce, “Shi wanda ke kwance a kan gadon, a cikin fasinja yake?”

“In da ransa, ƙwarai.”

“In ya cika a hanya fa?”

Ta ce wannan sai shugabanta, shi kuwa ya yi tafiya Yamai. Kafin ya dawo, in je in canza kat-giris, wato takardar shaidar motar, don asuransi tana bin abin da kat-giris ta faɗa ne.

Ranar Juma'a na kai wa 'yan ƙungiya labari.

Baba ya ce, “Mushe, wa ya aike ka ka faɗa musu?”

“Baba, ita ta leƙo ta taga ta gani.”

Duk aka juya ga direba. Ya ce shi inuwa ya bi, da ya sani da a bayan gini zai tsaya. Amma, in ji shi, gyara na nan. Kujerun suna wajen mai walda, ba a sayar ba. A mayar da su na wuni ɗaya, a kwance jiniya, a kai motar wani kamfanin daban, a karɓo takarda, a dawo a cire. Ya ce rabin motocin tasha haka suke, wadda takardarta ta ce dizal ma fetur take sha.

Wani mahauci ya ce shi duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin wanda asuransi ta biya ba, takarda ce kawai da ake nuna wa jandarma, don me za a wahalar da Mushe a kanta. Wani tela mai karatu ya ce shi dama can yana da shakka a kan halaccinta. Aka yi ta ja har rana ta yi ja. Ni dai na maimaita musu abin da yarinyar ta ce game da wanda aka buge a hanya. Ban iya kare komai bayan wannan ba, don ni ma ban fahimci sauran ba.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. “Motar da za ta ɗauki gawar Musulmi ba za a yi mata takarda da wayo ba. Mushe, tunda ka fara, ka ƙarasa.”

Haka na shiga zagayen birori. A ma'aikatar sufuri wani mutum mai fara'a ya ce ba matsala, in kawo shaidar masu duba lafiyar mota. Masu duba mota suka auna tsawo da faɗi, suka girgiza gadon, suka yaba waldar, sannan suka ce mota mai jiniya sai da izinin ma'aikatar lafiya. A ma'aikatar lafiya wata hajiya ta ba ni kujera da ruwan sanyi, ta ce ambilans sai ta zama ta wani asibiti, da ma'aikacin jinya a cikinta, tamu kuwa ta ƙungiya ce, don haka ba ambilans ba ce. Na ce to mece ce? Ta ce wannan 'yan sufuri ne za su faɗa. Na koma sufuri, mai fara'ar nan ya ce in dai ba ambilans ba ce, kuma ba ta da kujeru, to motar kaya ce, motar kaya kuwa ba a yarda ta ɗauki mutane a baya ba.

Ba wanda ya wulaƙanta ni a cikinsu. Da wani ya yi mini tsawa ma da na samu wanda zan ji haushi. Kowa magana mai ma'ana yake gaya mini, sai na fito na haɗa ta da ta na baya in ga ba su zauna wuri ɗaya ba. Na yi ta sake rubuta wasiƙar sanar da canjin, kowace da sunan da na ba motar. Matata ta ce har a kan tabarmar cin abinci ina magana ni kaɗai, ina cewa “ba ta fasinja ba ce, ba ta kaya ba ce.”

Ana cikin haka, wata safiya, yayan mahaucin nan ya rasu a asibiti. Dama motar ce ta kawo shi daga ƙauye a makon da ya wuce, kuma ya bar wasiyya a mayar da shi kusa da iyayensa. Tsohuwar asuransi saura kwanaki ta ƙare. Na buga wa yarinyar biro waya, na ce takardar da ke hannunmu tana aiki ko ba ta aiki?

“Tana aiki, Malam, ga motar da aka rubuta a kanta.”

“To ai ita ce.”

“Ni ban ce ba ita ba ce. Amma tunda kun riga kun gaya mana an canza ta, ba zan iya ce muku ita ce ba.”

“Da ban faɗa ba fa?”

“Da ba ku faɗa ba, da ya fi muni.”

Na kashe waya ban san ko na samu amsa ba. Ba a jiran takarda da gawa. Aka yi wanka da sutura, aka tura gadon ciki. Mahauci da 'yan'uwansa suka zauna a benci, ni da Baba muka zauna gaba, jakar takardu a kan cinyata. Tun daga fitowarmu gari nake ce wa direba ya rage gudu. Duk ɗan kabu-kabun da ya gifta, duk jakin da ya leƙo hanya, sai in ce ya taka birki. Har Baba ya ce, “Mushe, bar yaron nan ya yi tuƙinsa. In da wannan tafiyar ce, sai a yi jana'izar gobe.”

A shingen jandarma aka tsayar da mu. Wani dogo ya karɓi takardu, ya karanta, ya dubi jiniya, ya dubi takarda, ya zagaya baya ya ce a buɗe. Na sauko ina shirya bayani tun daga farko, da wasiƙuna a hannu. Da ƙofa ta buɗe ya ga likkafani, sai ya ja da baya, ya ce, “Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri.” Ya miƙo mini takardun, ya ɗaga shinge. Ina tsaye da wasiƙuna a hannu, har direba ya danna mini oda.

Muka isa kafin azahar, aka yi salla aka kai shi. Matan gidan suka samu ganinsa kafin a fita da shi, kuma babbar cikinsu ta aiko a yi wa ƙungiya godiya. A wannan lokacin kam na manta da zancen takarda.

Da za mu juyo ne zancen ya dawo. Na zo na tarar an kwantar da wata tsohuwa a kan gadon, ƙafarta ta kumbura ta yi suntum, 'yarta na zaune kusa da ita. A ƙasan benci kuwa ga buhunan gyaɗa, a sama an ɗaure akuya. Na ja Baba gefe na ce masa jiya-jiya na rubuta wa kamfani cewa mun daina ɗaukar kaya.

Ya ce, “Gyaɗar tata ce, akuyar ma tata ce. Su za a sayar a saya mata magani. Je ka gaya mata ta bar su a nan.”

Ban je ba. Na shiga mota na zauna. Duk hanya ina jin kukan akuyar a saman kaina, ina tambayar kaina ko abin da na rubuta ya zama ƙarya, ko kuwa gyaɗar marar lafiya ba kaya ba ce.

Da shugaban biron asuransi ya dawo, na je da motar. Mutum ne gajere mai ƙiba, da kwat duk da zafin. Ya karanta wasiƙata, ya saurari ma'aikaciyarsa, ya saurare ni, sannan ya ce shi ba ya gane mota a kan takarda, mu fita. Ya cire kwat ya ba mai gadin biron, ya hau ciki da ƙyar. Ya jawo gadon ya tura, ya taɓa ƙugiya, ya ƙwanƙwasa tanki. Ya zauna a benci, ya kira mai gadi da wasu ma'aikata biyu su zauna kusa da shi. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna kallon gadon da ba kowa a kai, masu wucewa suna leƙe.

“Huɗu,” in ji shi. “Da na gaba uku. Da na kwance ɗaya.”

Direba ya ce ai bencin yana ɗaukar shida in mutanen ƙauye ne. Shugaban ya ce bai ji ba.

Ya ce za a rubuta ta motar ɗaukar mutane ta ƙungiya, mai wuri takwas, ɗaya na kwanciya. Zai ba ni wasiƙa in kai wa 'yan sufuri, shi ma zai kira su. Amma jiniya da fitila sai sun sauka, don su ne suke mayar da ita ambilans a idon hukuma. Na tambaye shi zancen gyaɗa. Ya ce in mai ita yana cikin motar, kayan fasinja ne, in ba ya ciki, fatauci ne, kuma ba ruwansu. Sai na kawo masa tambayar da ta fi damuna, ta wanda ya cika a hanya, da wanda aka ɗauko ya riga ya cika.

Ya shiga ciki ya yi waya Yamai, ina jin muryarsa ta bango, wani lokaci da Faransanci, wani lokaci da Zabarmanci. Ya fito ya ce amsar da aka ba shi ita ce, mamaci ba a lissafa shi cikin fasinja, ba a kuma lissafa shi cikin kaya.

“To a ina ake lissafa shi?”

“Mushe, ba a lissafa shi. Ku dai ku ɗauke shi, ba abin da zai ɓata muku takarda.”

Na ce na gode. Har yau ban san ko na yarda da wannan amsar ba, amma a lokacin na gaji.

Sabuwar kat-giris ta ɗauki lokaci kafin ta fito, asuransi ta biyo bayanta. A tsakanin nan motar ta yi makonni a fake, kuma sau ɗaya sai da muka nemi taimakon wani mai a-kori-kura don ɗauko mai naƙuda. Wasu 'yan ƙungiya suka daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Baba kuwa, ranar da aka kwance jiniyar ƙin zuwa garejin ya yi.

Juma'ar da na kawo takardun, aka sa ni in karanta in fassara. Na yi ta fassarawa layi-layi, inda na gane in faɗa da ƙarfi, inda ban gane ba in bi da sauri. Aka yi ta gyaɗa kai. Na ɗauka an gama, sai direba ya ɗaga hannu.

“Mushe, ina da tambaya. A ce na ɗauko marar lafiya da akuyarsa. Na sauke shi a asibiti, an ba shi gado. Ya ce in wuce da akuyar kasuwa wajen ɗansa. Daga asibiti zuwa kasuwa, akuyar nan kayan fasinja ce ko fatauci?”

Na duba takardar gaba da baya. Na ce gaskiya ban sani ba, amma ranar Litinin zan koma biron in tambayo.

Baba ya miƙo hannu ya karɓe takardun daga hannuna, ya naɗe su ya ba direba.

“Mushe,” ya ce, “don girman Allah kada ka sake tambayo mana komai.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ladan ya kira magariba, muka tashi neman butoci.